Sajan da Notocin Hagu

Litinin

Babana,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan takardar nan ta same ka lafiya. Yaya aikin madatsar ruwa, yaya ciwon bayanka? Umma tana gaishe ka. Ta ce in tambaye ka ko kana shafa maganin da ta cusa maka a gefen jaka, ko ka ajiye shi kuna kallon juna. Mu lafiya lau muke. Na yi tari na mako guda, shi ma ya tafi.

Baba, ka san halina, in a gabanka nake da sai in yi ta murza bakin mayafi har ka gaji ka tashi. A takarda ne kawai bakina yake buɗewa, don haka ka yi haƙuri da tsawonta.

Mai gidan da muke haya zai gina shaguna a gaba. An riga an sauke bulo da yashi. Ya ce nan da mako biyar magina za su toshe babbar ƙofa, a bar 'yar ƙarama wadda mutum ɗaya zai bi. Ka ga ke nan motarka, tsohuwar motar sojan da ka saya a gwanjo kake ce mata Sajan, in ba ta fita kafin ranar ba, ta zauna ke nan har abada. Baffa ya zo jiya ya zagaya ta sau biyu, ya doki tayar gaba da ƙafa, ya ce masu sayen tsohon ƙarfe za su zo da wutarsu su yanka ta gunduwa-gunduwa, a fitar da ita a baro. A baro, Baba! Ina bayan labule na ji, sai da na toshe bakina.

Injinta lafiya yake. Duk Juma'a ina tada ta kamar yadda ka koya mini, in bar ta ta yi gurnaninta har kajin maƙwabta su watse. Tayoyin ne matsala. Na gaba biyun sun fashe sun kwanta, Kawu mai faci kuma ya ce irinsu sun ƙare a kasuwa. Na baya takwas ɗin suna nan da iskarsu, robar dai ta tsattsage.

To amma ga manyan tayoyi shida da ka saya kafin ka tafi, haɗe da wilinsu, suna jingine a ɗakina wata goma sha huɗu. Kowace ta kai mini ƙirji. Gadona ya koma lungu saboda su, kayana duk warin roba suke, har 'yan ajinmu suna ce mini matar mai faci. Ban taɓa ƙorafi ba. Gaskiya ma a cikin ramin wilin nake ɓoye littattafaina na soyayya, waɗanda Baffa ya ce suna lalata tunani. Yanzu ka sani.

Kai ka ce mini ƙananan goma za su sauka, manyan shida su hau, Sajan ta daina tsoron taɓo. Kawu mai faci yana da jak da katako, ya ce in ta fita zai ba ta wuri a ƙarƙashin bishiyar da ke gefen rumfarsa. Izininka kawai nake nema.

A littattafan nan, in za a rushe gidan su yarinya, wani yakan iso da farar mota ana saura kwana ɗaya. Na leƙa titi, Baba, ba wanda ke zuwa. Mu ne dai.

'Yarka

*

Juma'a

Uwata,

Na samu takardarki ta hannun direban da ke kawo mana kayan abinci. Na gode Allah da kuke lafiya. Bayana da sauƙi. Ki ce wa Ummanki ina shafawa.

Maganar mota. Kada ki taɓa tayoyin nan. Kada ki sa Kawu mai faci ya taɓa. Kada ki ƙara zama a ƙarƙashinta kina karatu, na san kina yi. Wannan ba aikinki ba ne. Abin da Baffanki ya ga ya dace, a yi. Ƙarfe ne, in da rai za a samu wani.

Ki mai da hankali ga makaranta. Littattafan kuma ban ce komai ba, ki dai riƙa barci.

Babanki

*

Litinin

Baba,

Ina gaishe ka. Muna lafiya, Umma tana lafiya. Na karanta mata takardarka kamar kullum. Ta ce, “Shi ke nan abin da ya rubuta?” Na juya mata bayan takardar ta gani, fari fat.

“Wannan ba aikinki ba ne.” Na karanta layin nan ya fi sau ashirin. Da ɗa namiji ka haifa, haka za ka rubuta masa? Tun ina shekara bakwai nake riƙe maka fitila a ƙarƙashin mota, ni nake miƙo maka sifana tun kafin ka faɗi lambarta. Lokacin aikina ne. Yanzu da na kai sha shida ya tashi daga aikina. Ranar da ka kawo Sajan gida, kai ka ɗaga ni ka zaunar a bayan sitiyari, ka ce, “Uwata, ga ƙanwarki.” Yau kuma ta zama ƙarfe.

Bari ka ji abin da ya faru. Na ƙi cin abinci kwana biyu, sai Umma ta ce wa Baffa a gwada ko sau ɗaya ne, don yarinyar nan ta huta. Ya kawo makanikai biyu, wani mai gemu da wani mai ƙaton ciki. Notocin ɓangaren dama ba su ba su wahala ba, suna taɓawa suka motsa, sai suka mai da su suka zagayo hagu. Nan fa aka tsaya. Suka zura dogon bututu a hannun sifana, mai cikin ya hau kai yana tsalle, mai gemun yana riƙe da shi kamar masu rawa. Suka zuba mai, suka buga guduma. Tun hantsi har la'asar ko noti ɗaya bai motsa ba, sai ma ƙusa ɗaya da suka karya a tayar gaba. Mai gemu ya share gumi ya ce, “Alhaji, wannan tsatsa ta aure su, sai wuta.” Baffa ya ɗaga murya don in ji daga ɗaki, ya ce, “To, injiniyar gidan ta ji ko?”

Da suka tafi na saɓa maka, na shiga ƙarƙashinta da littafina. Ban iya karatun ba. Ina ta kallon guntun ƙusar da suka karya, sai na ga haƙoranta kamar sun kwanta wani iri. Na ɗora shafin farko na littafin a kai, wanda ba rubutu, na goga fensir har layukan suka fito. Na zagaya dama na goga na can a gefensa. Baba, na dama sun karkata nan, na hagu sun karkata can! Notocin hagu bahagon ɗauri gare su. Inda kowa yake kwancewa, su nan suke ɗaurewa. Yini guda ƙattin nan suka yi suna ƙara ɗaure su, suna zagin tsatsa.

Na kai wa Kawu mai faci shafin. Ban iya yi masa bayani ba, miƙa masa kawai na yi ina kallon ƙasa. Ya duba, ya juya, ya sake dubawa, sai ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce shekararsa talatin yana faci bai taɓa kwance motar soja ba. Muka zo tare, ya sa sifana a tayar gaba ta hagu, ya juya ta wancan gefen. Ƙiiit! Kamar ta shekara tana jiran a tambaye ta da harshenta.

Kai ka san wannan, Baba. Ba yadda za a yi ka ce ba ka sani ba. Ka bari a yanka ta da ka rubuta mini layi ɗaya.

Ranar Asabar da safe za mu sauke goman mu ɗora shidan. Ba izini nake nema ba wannan karon, sanar da kai nake yi. In ka dawo ka yi mini faɗa, zan tsaya in ji, kaina a ƙasa kamar yadda ka saba gani. Amma Sajan ba za ta fita a baro ba.

'Yarka, wadda ba aikinta ba ne

*

Juma'a

Uwata,

Ba ni da lokacin gaisuwa. Allah ya sa kuna lafiya, Allah ya sa takardar nan ta riga hannunki isa ga notocin nan, ko da yake na san ba za ta riga ba.

KADA A KWANCE TAYOYIN BAYA NA HAGU DA ISKA A CIKINSU. A cire bakin iskar kowace taya, ta waje da ta ciki, a jira sai sun kwanta gaba ɗaya. Kowa ya tsaya a gefe, kada wanda ya tsaya a gaban wili.

Ki ji dalili. Tsofaffin wilin nan, wani zoben ƙarfe ne yake riƙe taya a jikinsu. Zoben tayar ciki, ta layin ƙarshe a hagu, ya tsage. Na gani da idona. Wilin waje ne kawai ya danne shi. Ranar da aka sassauta na wajen alhali na cikin yana da iska, zoben zai tashi, kuma ba ya tambayar wanda ke gabansa.

Kin san tabon da ya taso daga girata zuwa kunnena, wanda na ce miki daga kan mota na faɗo. Ƙarya na yi miki. Zobe ne. Ina saurayi, ina koyon aiki a garejin mahaifin Ummanki. Ita ta kawo abincin rana ta tarar da ni kwance, ta cire ɗankwalinta ta danne wurin har aka samo mota. Da maganar aure ta taso ba ta nemi komai a wurina ba sai alkawari ɗaya: ba zan ƙara aiki da zoben da ya tsage ba, ba zan hau motar da ke da shi ba. Na yi mata.

A tafiyata ta ƙarshe da Sajan na ga tsagar a hanya, na rufe ido na tuƙo ta yini biyu har gida. Shi ya sa na sayi manyan nan, su ba su da zobe, da ƙusoshi ake haɗa wilinsu. Na so in canza su da hannuna, in jefar da tsohon ba wanda ya sani. Sai aikin nan ya kira ni.

Ke kike karanta wa Ummanki takarduna. Ta yaya zan rubuta? Na ce gara a yanka motar. Masu yanka sukan huda taya kafin su kunna wuta, aikinsu ne. Kuma na kwantar da raina cewa duk unguwar ba mai iya kwance notocin hagu, su za su tsare mini ku. Ban kawo a raina cewa 'yar da na koya wa kallon ƙarfe ce za ta buɗe su ba.

Ba don ke mace ce ba, Uwata. Wallahi ba don haka ba.

Ruwa ya cinye gadar da ke tsakaninmu da babban titi jiya, bayan direba ya kawo takardarki ya fita. Ba shiga, ba fita. Ba layin waya a bayan duwatsun nan, kin sani. Na roƙi na ofis su yi magana ta rediyonsu a tura mutum gidanmu, sun ce za su yi. Gobe Asabar.

In takardar ta iso, ki tsallake wa Ummanki tsakiyar.

Babanki

*

Laraba

Uwata,

Ina gaishe ku. Kwana goma sha biyu ke nan. Yau aka haɗa gadar wucin gadi, direba ya shigo da buhun wasiƙu. Na tsaya a layi har ya zazzage buhun ya kakkaɓe. Kowa ya samu, har mai gadin da bai iya karatu ba. Ni babu.

Na tambaye shi ko ya ji wani labari daga wajenku, ya ce bai bi ta unguwar ba. Na kalli fuskarsa ko ɓoye mini yake yi. Ba ki taɓa barin direba ya zo hannu wofi ba, ko lokacin da kika yi zazzaɓi sai da kika aiko layi uku.

Na nemi izinin tafiya, sun ce sai wanda zai karɓe ni a kan injin haƙar ƙasa da nake tuƙawa ya iso, mako biyu. Jiya na zuba ƙasa a inda ba a ce ba, shugaban aiki ya sauke ni ya ce in je in zauna.

Ga wannan tare da ta ranar Juma'a, wadda ba ta samu fita ba. Duk wanda ya buɗe takardar nan, in ba Uwata ba ce, don girman Allah ya rubuto mini gaskiya. In ke ce, ko zagi ne ki aiko. In dai da rubutunki ne.

Babanki

*

Lahadi

Babana,

Ni ce. Rubutuna ne, ka duba yadda nake karkata layi. Yatsuna goma, idona biyu, Umma lafiya, Kawu mai faci lafiya, har Baffa lafiya. Ka sha ruwa ka zauna, sannan ka ci gaba.

Takardunka biyu jiya suka iso tare. Ban san gada ta karye ba. Ni a zatona fushi ka yi ka ƙi ba ni amsa, sai na ce to, ni ma na iya. Mutumin ofishinku ya zo, amma ranar Litinin, bayan an gama komai. Daga bakin ƙofa ya ce, “Wai an ce kada a taɓa mota.” Iyakar saƙon ke nan. Na ce masa, “Ka ce an taɓa.” Ashe bai mayar ba. Da na san kana can kana ƙirga kwanaki, da ban yi shiru ba. Wannan kam na ba ka haƙuri. Shi kaɗai.

Ga yadda Asabar ta kasance.

Da sassafe muka mirgino shidan daga ɗakina, ni da Kawu mai faci, ɗaya bayan ɗaya. Ta uku ta ƙwace mana ta bi tsakar gida ta rushe tulin bulon mai gida. Littattafaina biyu suka zubo daga cikinta a gaban Baffa. Ya ɗauki ɗaya ya duba bangon, ya ce, “Da wannan za a gyara motar?” Ya jawo kujera ya zauna a inuwa, wai ya zo kallon ikon Allah. Makanikan nan biyu ma sun dawo, ba wanda ya kira su. Mai cikin ya ce, “'Yan mata, in kin kwance na hagu, ni kuma zan ɗaura zane.”

Muka gama gaba lafiya. Muka ɗaga baya na hagu, muka jera katako. Na sa sifana a notin farko na layin ƙarshe, na juya ta bahagon gefe, ya ce ƙiiit. Baba, fuskata tana daidai tsakiyar wilin. Ina jin daɗi, ina satar kallon mai ciki. Na kwance na biyu.

Sai na ji an ce, “Ke! Sauke hannunki.”

Umma ce, daga ƙofar kicin, hannunta duk kumfar wanke-wanke. Ban taɓa jin wannan muryar a bakinta ba. Ta tako har wurin ta ja ni baya da wuyan riga, ta dubi Kawu mai faci ta ce, “Malam, da iska a ciki?” Ya ce, “Ai ba faci za mu yi ba, Hajiya, saukewa kawai za mu yi.” Ta ce, “A gabana ba a taɓa wili mai zobe da iska a cikinsa. Ko saukewa ce, ko shafawa ce. A cire.” Baffa ya ce, “Yau kuma mata sun zama injiniyoyi har biyu.” Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce, “Yaya, matsar da kujerarka daga saitin nan.” Kuma ya matsar.

Kawu ya kwanta ta gefe ya zura hannu ya cire bakin iskar duka takwas. Muka tsaya muna jin su suna huci har suka yi shiru. Ni haushi ma nake ji an katse mini nasarata. Sannan muka kwance sauran notocin, muka zare wilin waje.

Zoben na ciki ya faɗo da kansa. Ba wanda ya taɓa shi. Ya faɗo gida biyu a kan ƙafata, ƙararsa kamar an yar da faranti.

 Kawu mai faci ya zauna a ƙasa daɓas yana salati. Mai gemu ya cire hularsa, ina jin ya tuna yinin da suka yi suna tsalle a wurin. Umma ta durƙusa ta ɗauki rabin, ta shafa bakin tsagar da yatsa. Rabinta ya yi baƙi da tsatsa, tsohuwar tsaga ce, ko ni na gane. Ta ce, “Ya sani.” Shi ke nan abin da ta ce. Ta shiga ɗaki da shi.

Na zaci aikin ya mutu a nan. Na ajiye sifana a ƙasa. Can sai ga ta ta fito ta ci ɗamara da mayafi, ta ce, “Me kuke jira? Ku ɗora mata waɗanda ba su da zobe.”

Baba, ka san nauyinsu. Da shebur muka riƙa ɗaga kowace, ni ina danna ƙotar, Kawu yana saita ramukan, makanikan da suka zo dariya suka koma turawa. Mai ciki da kansa ya riƙa tambayata, “Ƙanwata, wannan ta ina ake juya shi?” Ban ce ya ɗaura zanen ba, kunya ta hana ni, amma Kawu ya tuna masa sau uku. Ƙusar da suka karya mun bar gurbinta, Kawu ya ce za ta kai rumfa a haka, ya kuma samo wata ya sa daga baya. Kafin la'asar Sajan ta tsaya a kan ƙafa shida. Ta ƙara tsawo har sai da na taka bulo kafin na kai matakala. Ka san yadda ake cewa yarinya ta shigo taro kowa ya yi shiru? Ban taɓa yarda ana yi ba sai ranar.

Baffa ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce, “To madalla. Wa zai tuƙa? Ni dai ba zan hau abin da ɗan'uwana ya ce kada a taɓa ba.” Kawu bai iya babbar mota ba. Makanikan suka ce ƙofar ta yi ƙunci, ba za su ɗauki alhakin katangar mutane ba.

Umma ta ce, “Ba ni makullin.”

Baba! Shekara goma sha shida ina gidan nan, ba wanda ya gaya mini! Ta hau, ta taka kulochi sau biyu ta sa giya ko ƙara babu. Daga baya ta ba ni labari: wata uku idonka yana naɗe, motocin garejin Kaka suna bukatar a riƙa matsar da su, kai kana zaune a gefenta kana jin injin da kunne kana cewa “yanzu”, ita tana tuƙawa. Ni ina ta ɓoye littattafai a cikin taya, ashe wadda ta fi su labari tana kicin tana wanke-wanke.

Sitiyarin ya yi mata nauyi da manyan tayoyin, ya ƙi juyuwa a tsaye. Ta ce, “Hawo ki kama.” Hannu huɗu muka sa, tana cewa ja, ina ja. Taɓon bakin ƙofa, wanda kullum sai an sa maka katako, Sajan ta taka shi kamar tabarma. Madubin hagu ya daki ginshiƙi ya tafi. Ban ba da haƙurinsa ba, kuma ba zan bayar ba. Tana ƙarƙashin bishiyar Kawu yanzu. Magina sun fara toshe ƙofar shekaranjiya.

Ka ce in tsallake wa Umma tsakiyar takardarka. Ban tsallake ba. Na karanta mata tun daga “ba ni da lokacin gaisuwa” har “Babanki”, har da layin da ka ce in tsallake. Ta riga ta gani a jikin ƙarfe, me ya rage? Tun ranar Asabar ɗin ba ta ambaci sunanka ba. Rabin zoben yana rataye a ƙusa a saman ƙofar ɗakinku. Ɗaya rabin ga shi na ba direba, naka ne.

Na yarda ba don ni mace ce ba. Amma Baba, ka ce kada in taɓa, ba ka ce don me ba. Ni kuma 'yarka ce, in aka rufe mini abu sai na gano ta inda yake buɗewa. Saura noti huɗu ya rage tsakanina da zoben nan. Ba rashin jin maganata ne kaɗai ya kai fuskata wurin ba, har da shirunka. Nan gaba ka gaya mini gaskiya, ko mai nauyi ce. Na ɗaga taya shida, zan iya ɗaukarta.

'Yarka

*

Alhamis

Uwata,

Alhamdu lillahi. Na karanta layin farko na zauna a kan matakalar ofis, sai da direba ya dafa ni. Ina lafiya yanzu. Na koma kan injin.

Ƙarfen ya iso. Yana kan akwatina inda zan gan shi duk safiya. Abin da kika faɗa gaskiya ne, ban da abin ƙarawa.

Ga aikinki. A sake bin notocin duka a ɗaure bayan tafiyar farko, sabon wili yakan saki jiki. Na hagu kin fi ni sanin inda suke juyawa. Agogon gudu zai riƙa yi muku ƙarya yanzu, abin da yake nunawa bai kai gudun da take yi ba, saboda tayar ta girma. Birki ma zai ƙara nisa. Ki gaya wa direbarku.

Shafin da kika goga fensir, kada ki yar.

Wannan kuma ki karanta wa Ummanki, a hankali, ba irin karatunki na sauri ba. Ga abin da nake ce mata: na karya alkawarin da na yi miki, na kuma ɓoye. Sau biyu ke nan kina tsayawa tsakanin zobe da abin da na fi so a duniya, na farko ma kaina ne kawai. Ɗankwalin nan mai ɗigon shuɗi ban yar da shi ba kamar yadda na ce. Yana ƙasan akwatina, duk inda aiki ya kai ni. Ki yafe mini.

Ban iya irin maganar littattafanki ba, Uwata. In da gyara ki gyara mini kafin ki karanta.

Babanki

*

Litinin

Baba,

Muna lafiya, muna gaishe ka. An ɗaure notocin.

Ban gyara komai ba. Na karanta mata a hankali, ita tana tsintar shinkafa ba ta ɗago ba. Da na gama ta ce ban karanta da kyau ba, in sake. Na sake. Ta ce wurin ɗankwalin ban fito da shi sosai ba. Sau uku ke nan.

Ta ce in gaya maka ba ta haƙura ba tukuna. Wai alkawarin da baki ka yi shi, ba da takarda ba, don haka ka zo da bakinka. Zoben yana nan a saman ƙofa, ta ce kai za ka sauke shi. Ta kuma ce ka rubuto ranar da za a sallame ka da inda motar ma'aikata take ajiye ku, kada ka nemi ta haya. Wai tana so ta ga ko da gaske Sajan ta daina tsoron taɓo.

Baffa ya aiko a ba shi makullin ya adana. Na ce a gaya masa yana wuyana, a igiya ɗaya da makullin akwatin littattafaina. Da bakina na faɗa, Baba, ba a bayan labule ba.

Kai ma in ka zo, sai ka tambaya.

'Yarka